Hannun da Majo Ya Ɗinke

Gwaggo Hanatu, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Abin da ke damuna ba ya kaiwa gaban dangi, don kowa ya riga ya ɗauki gefe. Daga Dakoro nake rubuto miki. Kada ki sa sunana, sunayen da za ki gani ma na sauya su, ko da yake duk wanda ya taɓa shayar da bisashe a rijiyoyinmu zai gane wanda nake nufi.

Maganar mahaifina ce. Baba makiyayi ne, amma an fi saninshi da rijiya. Ke da ke birni wataƙila ba ki san rijiyoyin arewacinmu ba, can wajen Tagriss. In kika jefa tsakuwa sai kin ƙosa da jira kafin ki ji ta taɓa ruwa. Sa ko raƙumi ke jan igiya, ya yi ta tafiya har ya yi nisa, shi kuma na bakin rijiya yana tsaye yana saurare. Da kunne ake sanin wasaki, ƙaton gugan fata, ya nutse, da kunne ake sanin ya cika, sannan a ƙwala wa mai kora kira. To, Baba kunnenshi ne jarinshi. Cikin garke goma da suka haɗu yana gane kukan saniyarshi. Muna yara ba mu isa mu yi raɗa a bayan ɗaki ba, sai mu ji ya maimaita abin da muka faɗa yana dariya. Marigayiya innarmu takan ce ta auri zomo ba ta sani ba.

Da shekaru suka ja, gwiwoyi suka kama shi. Tashi daga sujada ma sai da dafa bango. Na kai shi likita, wato asibitinmu, wurin Majo Sa'adu, babban mai jinya na wurin. Gwaggo, sai na gaya miki wane ne Majo a wurin Baba, in ba haka ba ba za ki gane komai ba. Tun ban yi wayo ba, wata rana igiya ta naɗe hannun Baba na dama, raƙumi kuma bai tsaya ba. Yatsu uku suka kusa cirewa. Kowa ya ce sai yankewa. Majo, lokacin yana saurayi sabon zuwa, ya ƙi. Ya zauna ya ɗinke su, ya yi ta bin Baba da wanki har mashekari bisa wani tsohon moto, babur ɗinshi. Hannun ya warke, da tabo kamar ɗinkin ƙwarya, amma yana riƙe igiya, yana cin tuwo. Tun daga nan Baba bai ƙara cewa hannuna ba. Hannun Majo yake ce mashi. In zai ba ka abu sai ya ce karɓi daga hannun Majo.

Shi Majon ne ya rubuta mashi ordonas, takardar sayen wani sabon maganin gaɓoɓi, na je farmasi na sawo. Ƙwaya ce 'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar wake ba. Kai, Gwaggo, mun ga ikon Allah! Sati bai zagayo ba Baba ya jingine sandarshi, har ya hau raƙumi ba wanda ya tallafe shi. Tsofaffin da yake zama da su suka ga haka, kowa ya nufi likita yana cewa a rubuta mashi irin na Mamani, wato Baba. Su suka laƙa mashi suna aje-sanda. Ba wanda ya san sunanshi na nasara, har yau ni ma sai na duba kwali.

Bayan wasu watanni Baba ya fara cewa yana jin gyare a kunne. Muka ɗiga man shanu, muka ce tsufa ne. Ana haka rediyo ya yi sanarwa wai an janye maganin daga kasuwa, yana da illa. Ina zaune aka faɗa, da kunnena na ji. Baba ya ce madalla, da ma masu yawo da magani cikin tasa ran kasuwa sun ishi mutane, rana ta dafa shi, ƙura ta bi shi, dole ya zama guba. Namu kuwa ba na kasuwa ba ne, daga farmasi ya fito, da takardar Majo. Wallahi duk wanda ke wurin haka ya fahimta. A Dakoro in an ce kasuwa, ai wurin da ake sayar da awaki da gishiri ake nufi. Wa zai kira farmasi kasuwa? Ashe su masu sanarwar duniya gaba ɗaya suke kira kasuwa.

Damina ta faɗi, Baba ya bi dabbobi arewa da guzurin maganin wata da watanni, can inda ba rezo na waya. Daga baya muka ji Majo ya bi rijiya rijiya bisa moto yana karɓe maganin daga hannun mutane, ya yi ta cigiyar Baba bai same shi ba. Da kaka Baba ya dawo. Na tare shi bakin ƙofa ina yi mashi sannu da zuwa, ina ta zuba, shi kuwa yana kallon bakina yana murmushi. Sai ya ce in daina wasa in buɗe murya. Gwaggo, ihu nake yi a lokacin. Na shiga ɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Mun kai shi Maradi. Likitan kunne ya ce jijiyar ji ce ta mutu, na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama saura ɗan kaɗan. Abin da ya rage mashi wata ƙara ce da ba ta tsayawa, ya ce kamar injin niƙa a maƙwabta. Ba shi kaɗai ba, cikin abokan zamanshi da yawa haka suka koma. In kika ga majalisarsu yanzu sai ki rasa dariya za ki yi ko kuka, kowa na magana, ba mai amsa wa wani.

Amma abin da ya sa na kasa barin maganar nan a cikina shi ne yadda Baba ya ɗauki abin. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Ko sau ɗaya bai ce don me ba. Ya ce Wanda ya ba shi aron kunne shekara saba'in bai karɓi ko sisi ba, in ya karɓi abinshi ai godiya ta kamata. Har tsokanarmu yake, wai ya huta da tsegumi. Kuma ya koma bakin rijiya! Mun hana, ya ƙi. Na bi shi wata rana don in ga yadda zai yi. Ya ɗora yatsun nan uku masu tabo bisa igiya, ya rufe ido, ya yi tsit. Can sai ya ɗaga hannu ya ƙwala kira, aka kora raƙumi, wasaki ya fito cike yana tumbatsa. Ya ce igiya na magana, da can kunne ne ya hana shi saurarenta. Na tsaya ina ta subhanallahi kamar wadda ta ga abin da bai kamata ta gani ba.

Yadda muke magana da shi kuwa, a waya nake rubutawa da manyan baƙaƙe in nuna mashi. Ya yi karatun manya na Hausa tun yana saurayi, kuma yana ji da shi. A hankali yake bi da yatsa, baƙi bayan baƙi, ba ya tsallake komai. Ni lekol na yi, Faransanci aka koya mini, Hausar tawa yadda ta zo nake bugawa, amma muna fahimtar juna.

To, bara wata awoka, wato lauya, ta zo daga Maradi, Metir Nuriyya. Ta tara mutane ta ce kamfanin da ya yi maganin an maka shi jastis, gaban alƙali, a ƙasashe da yawa, ana zargin ya ga alamun illar ya yi shiru. Ta ce mu ma muna da haƙƙin shiga. Gwaggo, ni dai baki na saki. Wai makiyayi daga Dakoro, wanda ko komisariyar 'yan sanda bai taɓa takawa ba, zai iya sa a kira masu gidajen sama na bayan teku su zo su amsa tambaya! Ta nuna mana bidiyo a wayarta na waɗanda abin ya shafa. Akwai wata tsohuwar nasara, farin gashi fat, cikin ƙatuwar rigar sanyi. Ana yi mata magana sai ta karkata kai, ta kai tafin hannu bayan kunne, ta ɗan buɗe baki. Sak Baba. Wallahi kamar uwa ɗaya ta koya masu. Baba ya ce a maido, aka maido. Ya sa yatsa ya shafa fuskarta bisa gilashin, ya ce ashe har can. Ya ce wa Metir in ta ga matar ta ce wani tsoho a Dakoro yana yi mata sannu. Mutanen da ke wurin ba wanda idonshi bai kawo ruwa ba.

Na ɗauka shi ke nan. Ina! Da aka zo maganar sa hannu sai Baba ya noƙe. Ya ce kamfani na nesa, Majo na kusa, kuma shi ya san hukuma, in ta miƙa hannu na kusa take damƙa. Wa ya rubuta takardar? Majo. To ba za a ja Majo gaban alƙali da sunanshi ba. Na rubuta mashi cewa ba Majo ake nema ba, ya ce ni yarinya ce. Sauran tsofaffin kuma suka ce in Mamani bai sa hannu ba su ma ba su sawa, don shi suka bi suka sha, shi za su bi su bari. Kin ga mutum ɗaya ya tsayar da gari.

Na kira Majo. Ya yi ritaya, yana Kornaka. Tunda abin ya faru sau ɗaya ya zo, ya zauna gaban Baba ya kasa ɗaga kai, ya tashi ya tafi ko ruwa bai sha ba. Da na gaya mashi halin da ake ciki, sai ya ce in gaya wa Baba don Allah ya shiga shari'ar, shi da kanshi zai tsaya shaida, don shi ma yaudararshi aka yi, kuma ba ya barci. Na ce to ya zo ya faɗa da kanshi mana. Ya ce ba ya iya haɗa ido da shi.

Na koma gida da murna, na buga a waya na miƙa wa Baba. Ga abin da na rubuta, har yanzu yana nan ban goge ba: MAJO YA CE DON ALLAH KA YI KARA. Baba ya bi da yatsa har sau biyu. Idonshi ya cika. Sannan ya ce in gaya wa Majo ya kwantar da hankalinshi, ko bai roƙa ba zai yi, kuma zai yi ta yi har ranar da za a sa shi a rami. Na yi guɗa, na kira ƙanena Yazidu na ce Baba ya yarda.

Metir ta dawo da dosiye, takardun shari'ar, aka shimfiɗa tabarma, tsofaffi suka taru. Aka miƙa wa Baba biro. Gwaggo, sai ya janye hannun dama ya cusa cikin riga. Ya ce hannun Majo ba ya taɓa wannan takarda. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rubuta mashi da sauri, ba kai ka ce za ka yi ba? Ya dube ni ya ce ai ita yake yi, ni ce ban gani ba. Na rasa gane kan wannan magana. Ko wurin Allah ya kai tashi ƙarar? Mutumin da tunda nake ban taɓa jin ya faɗi magana ya tashe ta ba! Kuma tun ranar saƙon nan ya rage fara'a. Rannan yana gyaran igiya na ji yana cewa shi kaɗai, bai san muryarshi na fita ba, wai kurumta ba ta yi mashi ciwo ba kamar a ce har sai Majo ya roƙe shi.

Yazidu ya ce maganin ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba kunne kaɗai ba. Shi zuciya gare shi kamar garwashi. Ya ce mu ɗauki Baba mu kai shi Maradi da sunan awon kunne, a tura takardar cikin takardun likita ya sa hannu bai sani ba. Ya ce haƙƙin Baba ne da na tsofaffin nan, kuma in aka bar kamfanin gobe wani zai sha. Ban ce ƙarya yake ba. Ni ma ina so, wallahi ina so, in ga an kira sunan Baba a gaban alƙali, a san cewa a bakin wata rijiya akwai mutum mai kunnen da babu irinshi, aka kashe mashi shi. Amma in yaudari mutumin nan? In sa hannun da yake girmamawa haka ya yi abin da ya rantse ba zai yi ba? In ya gane fa, da wane ido zan dube shi? Yau sati biyu ni da Yazidu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Metir ta ce bayan Sallah za ta rufe dosiye, wanda bai shiga ba ya tsaya. Gwaggo, in bi Yazidu, ko in bar Baba da kararshi ga Majo, gari duka ya rasa? Kuma don Allah, ke da kika ga jiya kika ga yau, hankalin Baba ne ya fara gushewa, ko ni ce ban kai in gane shi ba?

Ɗiyar mai rijiya, daga Dakoro.

*

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya yi miki albarka. Na daɗe ina riƙe da wannan fili, amma ban cika karanta wasiƙa in ajiye in yi tagumi kamar taki ba. Mutumin da aka karɓe wa ji ya ce godiya ta kamata, ya koma yana sauraren igiya da yatsu, ba a cewa hankalinsa ya gushe. Ki cire wannan daga ranki, ki ce Yazidu ma ya cire.

Bari in fara da abin da ba na shakka a kansa. Kada ku yaudare shi. Yazidu yana da gaskiya a kan manufa: haƙƙi ne, neman haƙƙi ba rashin tawakkali ba ne, kuma wanda aka bari ya tsira lafiya bayan irin wannan ɓarna zai sake. Zafinsa ma na ƙauna ne, ki faɗa masa na ce haka. Amma hanyar da ya kawo ruɓaɓɓiya ce. Sa hannun da aka samu da dabara, ranar da lauyoyin kamfani suka tambayi Baba ya ce bai san ya yi ba, ba nasa kaɗai zai rushe ba, zai iya shafar na sauran tsofaffin. Ko da ba a taɓa ganewa ba, kun karɓe wa mutum kunne da ƙaddara, kada ku karɓe masa hannu da gangan. Shi kaɗai ya rage masa da yake iko da shi.

Tsoron Baba ma ba shirme ba ne. Ya ga zamani, ya san ƙaramin ma'aikaci ne kan kwana a ciki. Don haka ki koma wurin awokar ki tambaye ta a fili: wa ake tuhuma, kuma mene ne matsayin Majo, shaida ko wanda ake ƙara? Ta ba ku amsar a rubuce, da Hausa, Baba ya bi da yatsansa. Ki tambaye ta kuma yadda ladanta yake, a rubuta shi ma, kada ku ba kowa kuɗi a gaba da sunan za a gaggauta. Ku adana ordonas da kwalaye da takardun likitan kunne. Ku gaya mata gaskiya cewa Baba ya ci gaba da sha bayan sanarwa, da dalilin da ya sa. Kada ku ɓoye don kunya. Sanarwar da mutanen gari guda suka ji suka fahimce ta a baibai, ba laifin kunnensu ba ne, kuma wataƙila wannan ya zama hujja a hannunta. Sannan ku sa a ranku cewa shari'a mace ce da ciki. Za ta iya ɗaukar shekaru, za a iya ci, za a iya faɗuwa. Kada kowa ya ci bashi da sunan diyya. Ki sake kai Baba wurin likitan kunne, wannan karon don kunnen da gaske, a ga ko na'urar ji za ta taimaki na daman. Ku kuma bi rijiyoyi da bakinku, ku faɗa da Hausar da ake ganewa: ko na farmasi ne, ko wa ya rubuta, a daina sha a kai wa likita. Mai yiwuwa har yanzu akwai mai sauran guzuri a jaka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Yanzu ga abin da ya sa na yi tagumi. Wasiƙarki ta waya ta iso mana, babu ƙugiya ko ɗaya a kan baƙaƙenta, kamar yadda yawancinmu ke bugawa. Kafin a buga a jarida sai na bi na sa wa kowane baƙi tasa. Ina cikin bi na zo kan saƙon da kika nuna wa Baba, hannuna ya tsaya. Na rasa wadda zan sa, shi ya sa na bar shi yadda kika rubuta. Ki koma ki dube shi, ɗiyata. Ke ƙara kike nufi, ta gaban alƙali. Abin da ke kan gilashin kuwa kara ce, ta mutunci da kawaici. Kin ce Baba ba ya tsallake baƙi, kuma a karatun manya da ƙugiya aka koya musu. Sauran saƙonninki yana cike gurbin da hankalinsa, don ma'ana ɗaya suke da ita. Wannan kuwa ta kowace fuska ya zauna daram, sai ya ɗauki wadda zuciyarsa ta riga ta karkata gare ta.

Ki sake jin amsoshinsa da wannan kunnen. Ko bai roƙa ba zai yi, har ranar da za a sa shi a rami. Wa ke yin ƙara har kabari? Ai ita yake yi, ke ce ba ki gani ba. Ya faɗa miki gaskiya tsantsa, a gaban jama'a, hannunsa cikin riga. Bai tashi maganarsa ba, cika ta yake yi. Abin da ke cin sa kuma shi ne ya ɗauka amininsa ya ji tsoronsa, har ya aiko yana roƙon a rufa masa asiri. Shi kuma Majo yana can Kornaka ba ya barci, yana ganin Baba ya ƙi jin roƙonsa. Dattawa biyu, kowa na ɗauke da nauyin ɗan'uwansa, kowa na ciwo, a kan ɗan lanƙwasan da bai kai ƙaya ba. Allah mai iko! Kada ki zargi kanki, waya ce ba ta da baƙin, kuma ni ma da ban tsaya gyara ba da na wuce.

Ban ce tabbas haka ne ba, ban ga Baba ba, takarda na gani. Hanyar sani ɗaya ce, kuma ba ta waya ba ce. Ki tafi Kornaka da ƙafarki, ki tafi da Yazidu don ku shirya a hanya. Ki nuna wa Majo saƙon, ki gaya masa abin da kika ji Baba na faɗa yana gyaran igiya. Ki ce Gwaggo Hanatu ta ce kunyar ta isa haka, wanda ya iya kallon yatsu uku a reto ya ɗinke su zai iya kallon idon mai su. Ya zo kafin Sallah, ya zauna kusa da shi a ƙasa, ya share rairayi, ya kama hannun nan da ya ɗinke, su rubuta kalmar tare, da ƙugiyarta ƙatuwa yadda ba mai kuskure ta. Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna cewa tare za su tsaya gaban alƙali.

In bayan haka Baba ya ce a'a, to a'a ɗin tasa ce, ya san abin da ya ƙi. Ku sumbaci hannunsa ku bar shi, ku roƙe shi kawai ya sake wa sauran tsofaffin mara, kowa ya bi ra'ayinsa. Amma ina kyautata zaton mutumin da ya aika wa baƙuwar tsohuwa sannu har bayan teku ba zai ƙi tsaya mata shaida ba, in ya san mai hannun ne da kansa ya ba da izini.

Ku mutanen rijiya ne, ba sai na koya muku ba. In guga ya faɗa, ba a tsayawa zagin igiya, ƙugiya ake aikawa a ɗauko. Allah ya haɗa dattawan nan biyu cikin alheri, ya shirya ki da ƙanenki, ya bi wa duk wanda aka cuta haƙƙinsa. Ki gaishe mini da Baba, ki rubuta masa cewa wata tsohuwa a nan ma tana yi masa sannu.

Gwaggo Hanatu